Kududdufi, Kanti da Rusau: Da Wane Ma'auni Ake Tsara Birnin Kano?

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano shekaru arba'in da suka wuce ya san da wuya mutum ya ratsa unguwanni biyu bai ci karo da kududdufi ba. Daga waɗannan ramuka kakanninmu suka haƙi ƙasar da suka yi tubali, suka gina gidaje da masallatai, ramin da ya rage kuma ya zama matattarar ruwan damina. A yau idan ka koma da yawa daga wuraren, shaguna da benaye za ka tarar. An cike ramin da shara da ɓaraguzai, an yanka filaye, an sayar. Shi kuwa ruwan sama bai san an yi ciniki ba. Idan ya sauko ya nemi tsohon masaukinsa ya rasa, sai ya faɗa ɗakunan jama'a.

Wannan misali ya isa ya nuna inda matsalarmu take. Duk shawarar da hukuma za ta yanke kan fili, kamata ya yi a auna ta da ma'auni uku kafin a sa hannu: me za ta yi wa muhalli, me za ta yi wa zaman jama'a, kuma shin ribarta za ta ɗore ko ta kwana ɗaya ce. A wurinmu galibi ma'auni ɗaya ake ɗauka, wato kuɗin da zai shigo yau.

Ba rashin doka ba ne ya kai mu nan. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, domin amfanin al'umma. A 1992 an kafa dokar tsara birane da yankuna, da kuma dokar da ta wajabta nazarin illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. Kano tana da hukumar KNUPDA mai ba da izinin gini. Tun farkon samun 'yancin kai ma an yi wa birnin babban tsari na shekara ashirin, wanda Trevallion ya jagoranta, daga 1963 zuwa 1983. Wa'adinsa ya ƙare fiye da shekara arba'in ke nan, birnin kuwa ya ninninka, ya kutsa cikin gonakin Kumbotso da Ungogo.

Mu fara da muhalli. Gaskiya ne kududdufi yana da aibu: sauro na hayayyafa a cikinsa, ana zuba masa ƙazanta, yara na nutsewa. Amma aikin da yake yi ba ƙarami ba ne. Yana riƙe ruwa a lokacin da aka yi mamako, sannan ya sake shi cikin ƙasa a hankali, rijiyoyin unguwa su amfana. Wanda zai cike shi dole ne ya fara amsa tambaya guda: ina ruwan zai tafi? A daminar 2022 ambaliya ta shiga kasuwar Kantin Kwari ta lalata atamfofi da yadudduka na miliyoyin naira, 'yan kasuwa da dama kuma suka ɗora laifin a kan gine-ginen da aka aza bisa magudanan ruwa. Sunan kasuwar kansa gargaɗi ne, domin kwari ai hanyar ruwa ne.

Sai zaman jama'a. Tsari mai adalci shi ne wanda ya tanadi wurin da malamin firamare da mai tura kura za su iya mallaka. Tsakanin 2011 da 2015 an gina rukunan gidaje na Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, da tituna masu faɗi da magudanai. Aiki ne mai kyau a ido, amma farashin ya fi ƙarfin talaka, gidaje da yawa kuma suka daɗe babu kowa a ciki. A daidai wannan lokaci dubban iyalai suna sayen filayen awon igiya a bayan gari, inda ba a ware wurin makaranta ko asibiti ba, lunguna kuma ba sa ɗaukar motar kashe gobara. Wanda hukuma ba ta yi masa tanadi ba zai yi wa kansa, kuma gyaran unguwar da ta riga ta cika ya fi tsara ta tun tana fili tsada nesa ba kusa ba.

Ta fuskar tattalin arziki, abin da ya faru a 2023 darasi ne ga kowane ɓangare. Gwamnati ɗaya ta ba da izinin gina shaguna a Filin Idi da wasu wuraren jama'a, gwamnatin da ta gaje ta kuma ta rushe su cikin makonninta na farko. Daga bisani Babbar Kotun Tarayya a Kano ta yanke hukuncin biyan masu shagunan Filin Idi diyyar naira biliyan 30. Kowane ɓangare mutum ya goyi baya, lissafin ɗaya ne: an yi asarar kuɗin gini, an yi asarar kuɗin rusau, sannan ga diyya daga baitulmalin jama'a. Babbar asarar ma ita ce ta amana. Idan takardar mallakar fili tana mutuwa da sauyin gwamnati, mai jari zai kai kuɗinsa wani gari.

To, mene ne mafita? Na farko, a ƙidaya kududdufan da suka rage da hanyoyin ruwa da abin da ya saura na badala, a zana taswirarsu, a haramta yanka su da doka. Waɗanda aka bari a yashe su, a katange, a dasa itatuwa a gefensu. Na biyu, kada a sauya amfanin wani filin jama'a sai an buga sanarwa, an ji ta bakin masu unguwanni da mazauna wurin, an kuma bayyana rahoton nazarin ga kowa. Na uku, birnin yana bukatar sabon babban tsari wanda Majalisar Dokokin jiha za ta mayar doka, domin ya fi ƙarfin son ran kowane mai mulki. A riƙa bitarsa duk shekara biyar da tambayoyin da ake iya ƙirgawa: gidaje nawa ruwa ya ci bana, iyalai nawa suka sami fili mai takarda, yara nawa ke da makaranta kusa da gida. Jami'ar Bayero da ta Wudil suna da masana da ɗaliban da za su iya wannan aiki.

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Kakanninmu ba su da injiniyoyi masu digiri, amma sun bar wa ruwa wurin zamansa, suka zauna lafiya da shi. Idan muka ci gaba da sayar da wannan wuri, 'ya'yanmu ne za su biya kuɗinsa kowace damina.