GARAƁASAR MAIGIDA DA BIZAR INGILA

'Yan'uwana mata, yau zancenmu a kan amaren da aka ɗaura wa aure da mazauna Ingila ne, suna nan gida suna jiran tarewa. Da yawa sukan yi tambaya, shin garaɓasar da akan ba maigida a wurin aiki, watau bonas, tana shiga lissafin neman biza? Amsa ita ce tana shiga, amma da sharaɗi.

Ga asalin maganar. A shekarar 2012 Gwamnatin Ingila ta kafa doka, cewa ɗan ƙasa ko mai izinin zaman dindindin ba zai ɗauko matarsa daga waje ba sai yana samun fam 18,600 a shekara. Ran 11 ga Afrilu 2024 aka ɗaga kuɗin zuwa fam 29,000, kafin a cire haraji. Albashin da ke kike samu a nan gida, ko da ke malamar makaranta ce, ba a sa shi a ciki.

To, in maigida ya yi wata shida ko fiye a wurin aiki guda, sai a dubi tsayayyen albashinsa. Sa'an nan a tara garaɓasa da la'ada da ladan aikin bayan tashi, waɗanda aka riga aka biya shi cikin wata shidan nan, a raba shida, a ninka sau 12, a ƙara a kan albashin.

'Yan makaranta, ku ɗauko alli. A ce albashinsa fam 27,000 ne, ya gaza da fam 2,000. Cikin wata shida aka ba shi garaɓasar fam 1,200. In an raba shida, fam 200 ke nan kowane wata, a shekara kuwa fam 2,400. Jimla fam 29,400. Ya haye. Amma da a ce wata bakwai da suka wuce aka biya shi, da ba ta shiga wannan lissafi ba. Wadda aka yi masa alkawari kuwa ba a ba shi ba, ba a kula ta. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Haka kuma kuɗin tafiya da na masauki ba sa shiga.

Lalle ne garaɓasar ta fito a takardun biyan albashi na wata shida, a kuma gan ta a takardar banki, tare da wasiƙar shaida daga wurin aikinsa. Takarda ta ƙarshe kada ta wuce kwana 28 ranar da aka shigar da nema.

Saboda haka, 'yar'uwa, kada kunya ta hana ki tambayar maigida cikin ladabi: nawa ne, yaushe aka biya, tana kuma rubuce? Kuɗin neman bizar ya kai fam 1,938 a 2025, in an ƙi kuwa ba a mayarwa. Kada ki ajiye aikinki ko ki sayar da kayan ɗakinki sai biza ta zo hannu. Doka takan canza, sai ku sake dubawa kafin ku biya.

Allah ya sada kowace amarya da ɗakinta lafiya, amin.