Manuni marar suna: amanar da ke wuyan mai rubuta manhaja

 Gaisuwa ga mutanen Bagudo da Kaoje da Illo da Lolo, da 'yan'uwanmu na Segbana a Jamhuriyar Benin.

Duk wanda ya riƙe wayar Android a kasuwar Tsamiya, yana riƙe da aikin da aka gina kan Linux, shi kuwa Linux akasarinsa da yaren C aka rubuta shi. Dennis Ritchie ne ya ƙirƙiro wannan yare a Bell Labs da ke Amurka a farkon shekarun 1970. Yau za mu duba wani ɗan ƙaramin abu a cikinsa mai amfani, mai kuma haɗari.

Ƙwaƙwalwar kwamfuta jerin gurabe ne, kowane gurbi da lambarsa. Abin da ake kira manuni ba ya ɗauke da bayani, adireshin inda bayanin yake kawai yake riƙewa. Manuni na yau da kullum yakan faɗi abin da ke wurin: harafi ne mai cin bayit 1, ko lamba mai cin bayit 4 a yawancin na'urori. Amma akwai wanda ake rubutawa da kalmar void da alamar tauraro, shi ne manuni marar suna. Shi adireshi kaɗai yake bayarwa, ya yi shiru kan sauran.

Mutanen bakin iyaka za su gane wannan da sauri. A ce an ba ka takarda mai cewa sito na uku, buhu na goma, ba a rubuta abin da ke ciki ba. Sai ka ce shinkafa ce. Wannan furucin naka shi ne sauya nau'i. Jami'in kwastan zai iya kwance buhu ya duba, kwamfuta kuwa ba ta kwancewa. Abin da ka faɗa shi take ɗauka. In taki ne, takin za ta zuba a tukunya.

To me ya sa aka bar irin wannan ƙofa? Saboda buƙata. Umarnin malloc, mai ware wa manhaja wuri a ƙwaƙwalwa, bai san abin da za a ajiye ba, don haka manuni marar suna yake miƙowa. Haka qsort, wanda ke jera lambobi ko sunaye ko farashi da tsari guda. Ƙa'idar C ta 1989 ce ta tabbatar da wannan hanya. Kafin nan da manunin harafi ake yin aikin.

Kuskure wajen sauya nau'i kuwa ba ƙaramar asara yake jawowa ba. Ranar 4 ga Yuni 1996, rokar Ariane 5 ta Turai ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya bayan tashinta. Manhajarta da yaren Ada aka rubuta, amma cutar ɗaya ce: an cusa lamba mai bit 64 a gurbin bit 16, ta ƙi shiga. A 2019 ma Microsoft ya bayyana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na raunin tsaron da yake gyarawa daga matsalar ƙwaƙwalwa yake fitowa.

Don haka, ɗalibanmu na Aliero da Birnin Kebbi, ku koyi wannan darasi da kyau. Kada ku sauya nau'in manuni sai kun tabbatar da abin da aka ajiye. Ku riƙa tura girman bayani da alamar nau'insa tare da adireshin, kuma kada ku yi watsi da gargaɗin manhajar da ke harhaɗa aikinku. Kuɗin mutane da sirrinsu suna bi ta cikin abin da kuka rubuta.