Direban Tasi na Brooklyn da Ciwon da Ke Cinye Numfashi

A shekarar 1971 wani magidanci ɗan ƙasar Haiti, wanda ake kira Mira, ya bar iyalinsa a birnin Port-au-Prince ya tafi ci-rani New York. Lokacin ƙasar tana hannun gidan Duvalier, 'yan dabar gwamnati da ake kira Tonton Macoute suna cin karensu babu babbaka. Bayan shekara 2 maiɗakinsa ta bi shi, yara suka zauna a hannun yayansa Joseph, wani fasto a unguwar Bel Air. Sai a 1981 iyalin suka sake haɗuwa a gida ɗaya. Babbar 'yarsa, wadda ya bari tana shekara 2 ya sake karɓa tana shekara 12, ita ce marubuciya Edwidge Danticat, kuma ita ta ba da labarinsa a littafinta Brother, I'm Dying na 2007.

Sana'ar da ya daɗe a kai ita ce tuƙin tasi a Brooklyn. Ba irin tasin nan masu launin ɗorawa da ake gani a fina-finai ba, waɗanda galibi a tsakiyar Manhattan suke yawo. Nasa irin motocin haya ne na unguwannin baƙi da talakawa, inda direba shi ne maigidan kansa, shi ne kuma yaron kansa. A irin wannan aiki babu albashin ƙarshen wata, babu hutun jinya. Ranar da mutum ya kwanta, ranar kuɗi ba su shigo ba, alhali kuɗin haya da na makaranta ba sa jira.

Ga kuma gida na biyu a bayan teku. 'Yan Haiti da aka haifa a can suke zaune a Amurka sun kai wajen 700,000, yawancinsu a Florida da New York da Massachusetts, kuma abin da 'yan ƙasar mazauna waje suke aikawa gida ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na tattalin arzikin Haiti baki ɗaya. Har gwamnatin Haiti ta sa ido a kan wannan gumi: a 2011 ta ɗora harajin dala 1.50 a kan kowane aike, da sunan tallafa wa ilimi. Wanda ya san ɗan ci-rani ya san wannan nauyi, na mutumin da ƙauye guda ke jiran saƙonsa.

Ciwon da ya kama Mira shi ne ƙandarewar huhu. Huhu mai lafiya kamar soso yake, taushi gare shi, cike da miliyoyin 'yan buhunan iska masu siririn bango. Ta wannan bango iskar da muka shaƙa take ratsawa ta shiga jini. A wannan ciwo tabo ne ke yi ta taruwa a bangon, ya yi kauri, ya yi tauri, huhu ya kasa buɗewa yadda ya kamata. Mutum yana jan numfashi amma bai ƙoshi da shi ba. Da farko sai ya hau bene yake haki, daga baya ko sa riga ma aiki ne. Akwai busasshen tari da ba ya jin magani, da rama, wani lokaci kan yatsu ya kumbura ya dunƙule. Idan likita ya ɗora abin saurare a ƙasan bayan mara lafiya, yakan ji wani ƙaras-ƙaras a duk jan numfashi. A nau'in da ya fi yawa likitoci ba su san musabbabinsa ba, sai dai an fi ganinsa ga maza da suka haura 50, da masu shan taba, da waɗanda suka daɗe cikin ƙurar ƙarfe ko ta katako.

Muguntar ciwon ita ce tabon da ya riga ya zauna ba ya gogewa. A da, yawancin masu wannan nau'i ba sa wuce shekara 3 zuwa 5 bayan an gano shi. Magunguna biyu na farko da ke rage masa gudu, pirfenidone da nintedanib, sai a 2014 Amurka ta amince da su, kuma su ma ba warkarwa suke yi ba. Mira bai riske su ba.

A ganina, a nan ne ciwon da sana'ar suke haɗa baki. Gano shi yana buƙatar hoton ƙirji na musamman da gwajin numfashi, wato zirga-zirgar asibiti da asarar kwanakin aiki. Magidancin da ke ciyar da gida biyu kuwa yakan ce tari ne kawai, gobe ya wuce, ya sha abin ɗumi ya koma kan sitiyari. Sau da yawa kafin a kai ga sunan ciwon an ɓata watanni ana maganin asma.

A 2004 likita ya shaida wa Edwidge cewa ciwon mahaifinta ya kai matakin ƙarshe, a daidai ranar da ta gane tana da juna biyu. A ƙarshen watan Oktoba na shekarar, Joseph, mai shekara 81, ya gudo daga rikicin Bel Air ya nemi mafaka a Miami, hukumar shige da fice ta tsare shi, ya rasu a hannunta a farkon watan Nuwamba. Mira ya ga jikarsa da aka sa wa sunansa, sannan ya rasu a 2005.

Mai karatu, idan akwai uba a gidanku ko a ƙasar waje da tari ya ƙi barinsa har wata biyu, yana kuma haki a tafiyar da a da ba ta dame shi ba, kada a jira ya ce a kai shi asibiti, don ba zai ce ba. A ɗauke masa kuɗin cefanen ranar, a kai shi.