Sanƙarau: Lissafin Masana Ba Ya Cika Sai Da Labarin Ƙauye

Hunturu ya kama, ƙura ta tashi. A ƙasarmu Nijar wannan shi ne lokacin sanƙarau, daga watan Disamba har zuwa saukar damina. Muna cikin jerin ƙasashe 26, daga Senegal zuwa Habasha, da cutar ta saba addaba. A 2015 ta kama mutum sama da 8,000 a Nijar, ta kashe fiye da 500, kuma Yamai na cikin wuraren da abin ya fi tsanani. Daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 ta sake ɓulla a jahar Damagaram, a yankunan Dungas, Magarya, Matamaye da Mirya.

To, yaya masana suke gane cewa annoba na tafe? Abu biyu suke dubawa. Na farko yanayi: cibiyar ACMAD da ke Yamai tana bin yawan ƙura da bushewar iska, ta nuna yankunan da ya kamata a sa wa ido. Na biyu ƙidayar marasa lafiya. Kowane sati CSI tana aika adadinta ga gundumar lafiya, daga nan labari ya hau har ma'aikatar lafiya. Ruwan da ake ɗiba a gadon bayan maras lafiya kuma ana kai shi awo, har cibiyar CERMES ta Yamai, don a san irin ƙwayar cutar.

Hukumar lafiya ta duniya OMS ta kafa ma'auni. A yanki mai mutum 100,000, in an samu uku masu alamun cutar cikin sati guda, sai a shiga shiri: a yi bincike, a tanadi magani. In sun kai goma, annoba ce, sai a nemi allurar rigakafi cikin gaggawa.

A nan ne maganar ta dawo kanmu. A ce mutum goma suka kamu, amma bakwai kaɗai aka kai likita, uku suna kwance a ɗaki ana cewa iska ce. A takarda bakwai za a gani, ma'auni bai cika ba, rigakafi ya makara. Kwamfuta komai ƙarfinta, abin da aka ba ta shi take lissafawa.

Shi ya sa aikin nan sai an haɗa hannu. Uwa ce ke fara ganin alama: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai, amai, wuya ya sanƙare, ƙin haske, in jariri ne maɗiga ta kumbura. Mai maganin gargajiya da wanzami sau da yawa su ake fara zuwa wurinsu; in suka ce "wannan na likita ne", an ceci kwana biyu. Liman ya san gidan da aka yi jana'iza biyu a sati ɗaya. Maigari na iya tanadar kabu-kabu ko amalanke tun kafin buƙata ta taso. Wakilin lafiya na ƙauye, wanda muke kira rele, shi ke isar da labari ga kaz ko CSI.

Amma su ma ma'aikata akwai nasu nauyi. Mutane sukan gaji in kullum ana karɓar labari a wurinsu, ba a dawo an faɗa musu abin da aka gano. In an ɗibi ruwan yaro, a sanar da iyayensa sakamako. In lissafi ya nuna haɗari, a faɗa wa gari da harshen da yake ji, a masallaci, a kasuwa, a rediyo. Kuma a tambayi mutanen gari ranar kasuwa da lokacin tafiya cin rani, don su suka san hanyar da jama'a ke bi, cuta kuwa mutane take bi.

Wani zai ce ai an yi masa allura tun 2010. Waccan, MenAfriVac, ta kau da annobar nau'in A, amma ta 2015 da ta Damagaram nau'in C ne. Akwai sabuwa mai kariya daga nau'i biyar, wadda Najeriya ta fara amfani da ita a 2024. In an kira rigakafi, a fito.

Ƴan uwa na Kano, Legas, Akara da Abijan, in an bugo muku waya an ce yaro na zazzaɓi wuyansa ya ƙage, ku fara aiko kuɗin kai shi likita, kada a tsaya wurin mai tallar magani. Sanƙarau na iya kisa cikin kwana ɗaya, wanda ya tsira a makare kuma yakan kurumce. Allah ya kare mu, ya ba marasa lafiya sauƙi.