Guguwar da ta ɗauke launi daga idon jikoki

Mai karatu, in kai ɗan unguwar Gwange ne, ba sai an tuna maka 10 ga Satumba, 2024 ba, ranar da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga gidaje. Ruwan nan bai tambayi kaza launinta ba. Wadda ta dace da katanga ta sha, ta cikin akurki ta tafi. In kaji biyu suka rage maka, dukansu farare, wane launi zai cika tsakar gidanka baɗi?

Riƙe amsarka, mu tafi Pingelap, wani ɗan tsibiri a tekun Pasifik.

Wajen 1775 guguwa ta afka masa, yunwa ta biyo baya. Mutum kamar 20 suka rage. Da kai ne cikinsu, teku gaba teku baya, wa za ka aura? Sai wadda ta rage. Haka suka yi, suka hayayyafa, gari ya sake cika. Ashe akwai abin da ke kwance cikin jini.

Ana kyautata zaton sarkinsu, wanda ya tsira, yana ɗauke da ƙwayar gadon wata cutar ido, alhali shi garau yake gani. Cutar ba ta fitowa sai yaro ya gada ta uwa da ta uba, yadda sikila take yi. A zuriya ta huɗu aka fara haihuwar yaran da ba su san ja ba, ba su san kore ba, hasken rana kuma yana sukar idonsu. Laifin wa za ka gani?

Sikila tana da dalilin yaɗuwa a ƙasarmu, domin mai AS ya fi jure zazzaɓin cizon sauro. Cutar idon nan kuwa ba ta tsinana wa kowa komai ba. Guguwa ce kawai ta bar mai ita cikin 'yan tsiraru. A garin mutum miliyan da ta nutse, amma cikin mutum 20, jinin mutum ɗaya babban kaso ne.

Kada ka ɗauka masu cutar sun naɗe hannu. Da likita Oliver Sacks ya je a 1994, ya iske su gwanayen kamun kifi cikin dare, lokacin da idonsu ya fi sakewa. Kai da me za ka yi, zaman ɗaka ko kwale-kwale?

A duniya, mutum ɗaya cikin kimanin 30,000 ake haifa da wannan lalura. A Pingelap, kusan ɗaya ne cikin goma.