Auna Ƙungiyar Besbol ta Fantasi a Tsakiyar Kaka

Besbol wasa ne na jifa da bugu da ya yi ƙarfi a Amurka da Japan da ƙasashen yankin Karibiyan, inda mai jifa yake wurga ƙwallo, mai bugu kuma ya tare ta da gora, sannan ya yi ƙoƙarin zagaye zango huɗu ya dawo inda ya tashi domin a rubuta wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Babbar gasar wasan, wato MLB, tana da ƙungiyoyi 30, kowace tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kuma yawan wasannin nan ne ya sa alƙaluman besbol suka ishi a gina wani wasa na daban a kansu. Wannan wasa na biyu shi ake kira fantasi: mutum ya zaɓi 'yan wasa na gaske daga ƙungiyoyi daban-daban ya haɗa tasa ƙungiya a kan takarda ko a intanet, duk abin da suka yi a fili kuma a lissafa masa. Wanda ya saba da Fantasy Premier League, inda ake sayen 'yan ƙwallo 15 da fam miliyan 100 na lissafi, ya riga ya san tushen abin, sai dai na besbol ya girme shi nesa ba kusa ba.

Tsarin da ya fi shahara ya samo asali ne a 1980, lokacin da ɗan jarida Daniel Okrent da abokansa suka kafa gasarsu a New York, suka raɗa mata sunan gidan abincin da suke haɗuwa, La Rôtisserie Française, shi ya sa har yau ake ce wa tsarin roto. A yadda aka saba, kowane mai ƙungiya yana da dala 260 da zai sayi 'yan wasa 23 a gwanjo, masu bugu 14 da masu jifa 9, kuma ana gasa a fanni goma. Biyar na masu bugu ne: makin da suka ci da ƙafarsu, makin da bugunsu ya jawo wa wasu, bugun da ya tsallake katanga, satar zango, da matsakaicin bugu, wato sau nawa suka yi bugu mai kyau cikin damar da suka samu. Sauran biyar na masu jifa ne: nasara, tsare nasara a ƙarshen wasa, korar mai bugu da jifa uku, matsakaicin makin da aka ci su a zubi tara (tsawon wasa guda ke nan), wanda ake taƙaitawa da ERA, da kuma WHIP, ma'aunin da Okrent da kansa ya ƙirƙiro domin nuna mutum nawa mai jifa yake bari su hau zango a kowane zubi. Idan ƙungiyoyi 12 ne a gasar, wadda ta yi fice a fanni tana samun maki 12, ta biyu 11, har zuwa ta ƙarshe mai maki ɗaya, sannan a tara makin fannonin goma a fitar da zakara.

Lokacin da ya fi dacewa a zauna a yi wa ƙungiya duba na tsanaki shi ne tsakiyar Yuli, sa'ad da gasar MLB take tsayawa na 'yan kwanaki domin wasan gwanaye. A lokacin an riga an buga fiye da rabin wasanni, saboda haka alƙaluma sun fara faɗin gaskiya, amma kuma akwai sauran wata biyu da rabi na gyara. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne mutum ya fara da jerin sunaye, yana duba wane ne gwani wane ne ba gwani ba, alhali tambayar da ta fi amfani tana cikin teburin gasa: a wane fanni ne maki yake kusa, a wane fanni ne kuma yake da tsada? A ɗauka ƙungiya tana ta shida a satar zango da guda 78, ƙungiyoyi uku da ke samanta kuma suna da 80 da 83 da 85. Ɗan wasa ɗaya mai gudu zai iya kawo mata maki uku kafin kaka ta ƙare. Idan kuma ita ce kan gaba a bugun tsallake katanga da ratar guda 30, to waɗannan 30 dukiya ce a kwance, domin wanda ya yi fice da tazarar ɗaya da wanda ya yi fice da tazarar talatin duk maki 12 ake ba su. Ƙungiyar da take cike da manyan sunaye tana iya zama ta biyar saboda ƙarfinta ya taru a wuri guda.

Fannonin matsakaici suna da nasu hali, kuma a nan ne masu ƙungiyoyi da yawa suke yaudarar kansu. Lissafin satar zango ko na nasara ƙaruwa kawai yake yi, amma ERA da WHIP da matsakaicin bugu suna ɗauke da nauyin duk abin da ya wuce. Ƙungiyar da masu jifanta suka yi zubi 700 da ERA na 4.00, idan tana son kammala kaka a 3.70 bayan wani zubi 700, dole ta yi 3.40 a ragowar wasanni, wanda ba ƙaramin aiki ba ne. Tun da kuwa a tsakiyar Yuli abin da ya rage bai kai abin da ya wuce ba, hawan ya ma fi haka tsayi. Wani lokaci hikima ita ce a haƙura da fannin da ya riga ya kuɓuce, a zuba masu jifa da yawa domin a tara nasara da kora, ko da ERA za ta ƙara lalacewa.

Bayan teburi sai 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, kuma aikin a nan shi ne rarrabe gwaninta da sa'a, domin abin da mai ƙungiya zai ci moriyarsa shi ne wasannin gobe, na jiya an riga an rubuta su. Wani mai nazari, Voros McCracken, ya nuna a rubutun da ya yi fice a 2001 cewa mai jifa ba shi da iko sosai a kan abin da ke faruwa da ƙwallo bayan an buga ta cikin fili. Ko ta faɗa hannun mai tsaro ko ta sulale ta tsakaninsu, sa'a da ingancin masu tsaro suna da babban rabo a ciki. Ma'aunin wannan shi ne BABIP, wanda a gasar baki ɗaya yakan tsaya kusa da .300, wato kusan uku cikin goma na irin waɗannan ƙwallaye suna zama bugu mai kyau. Mai jifan da nasa ya sauka zuwa .230 yana cin gajiyar sa'ar da ba ta cika ɗorewa ba, kuma shi ne ya dace a sayar tun farashinsa na sama, wanda nasa ya haura .350 alhali yana korar masu bugu kamar yadda ya saba kuwa yakan farfaɗo. Binciken wani mai nazarin, Russell Carleton, ya ƙara haske a kan wannan, inda ya nuna cewa yawan korar da ake yi wa mai bugu yana fara zama abin dogaro bayan dama kusan 60, amma matsakaicin bugu yana buƙatar fiye da 900, abin da ya zarce kaka guda cur. Tun 2015 kuma na'urorin Statcast da ke dukkan filayen MLB suna auna saurin ƙwallo daga bakin gora, don haka ana iya ganin mai bugun da yake dukan ƙwallo da ƙarfi amma tana faɗawa hannun mutane.

Misali biyu sun isa. Aaron Judge na New York Yankees ya ƙare watan Afrilu na 2024 da matsakaicin .207, duk wanda ya yi gaggawar rabuwa da shi a lokacin kuma ya yi asarar ɗan wasan da ya kammala kakar da .322 da bugun tsallake katanga 58. Jacob deGrom kuwa, lokacin da yake New York Mets, ya yi ERA na 1.70 a 2018, ya karɓi kyautar gwarzon masu jifa, amma nasara 10 kacal aka rubuta masa saboda abokan wasansa ba sa ci masa maki. Wannan ya nuna cewa fannin nasara ya fi auna ƙungiyar mutum fiye da hannunsa.

Akwai kuma abin da alƙaluma ba sa nunawa, wato damar shiga fili. Gwani a benci ba ya kawo komai, mai matsakaicin ƙwarewa da ke buga kowace rana a sahun farko kuwa yana tara maki a hankali. Rauni yana iya rushe tsari gaba ɗaya: Ronald Acuña Jr. na Atlanta, wanda ya yi bugun tsallake katanga 41 da satar zango 73 a 2023, ya tsinke jijiyar gwiwa a watan Mayu na 2024, kuma waɗanda suka gina fannin gudu a kansa shi kaɗai suka wayi gari ba su da madafa. Ƙarshen Yuli ko farkon Agusta ma lokaci ne na fargaba, domin a nan ake rufe kasuwar musayar 'yan wasa ta MLB, kuma mai jifan da ke rufe wasa a ƙaramar ƙungiya yana iya komawa babba inda wani ne ke riƙe da wannan aiki, sai tsare nasararsa ta tsaya cak ba tare da ya yi laifin komai ba. Matasan masu jifa kuma ƙungiyoyinsu sukan rage musu aiki a Agusta da Satumba don kare hannunsu.

Daga wannan duba ne musaya take fitowa, kuma musaya mai kyau ba lallai ta yi kama da riba a ido ba. Bayar da babban mai bugu a karɓi mai gudu da mai rufe wasa yana iya zama faɗuwa idan sunaye ake aunawa, amma ya zama ƙarin maki biyar a teburi, musamman idan an kai shi ga ƙungiyar da za ta yi amfani da shi ta ƙwace maki daga abokin hamayya na kusa. A gasar da ake riƙe wasu 'yan wasa zuwa baɗi, wanda yake can ƙasa a Yuli ya fi dacewa ya sayar da tsofaffin gwanayensa ya tara matasa masu araha. A tsarin da ake karawa mako-mako kuwa, inda ake fitar da zakara ta wasannin kifa-ɗaya-ƙwala a Satumba, mai ƙungiya yakan buɗe jadawalin MLB ya ƙirga wasa nawa kowane ɗan wasansa zai buga a waɗannan makonni, domin wanda ƙungiyarsa ke da wasa bakwai a mako yana da damar da mai wasa biyar ba shi da ita.