Bayani a Kan Zafin Bazara da Kaurin Itacen Turare

Ya ku 'yan kasuwa da dillalai, mu dai hatsi ne sana'armu, amma tambaya a kan sandunan turare ta yawaita a Gwarzo da Getso da Kabo. Mutum ya sayi itace a tsaye cikin Fabrairu, ya bar shi wai ya ƙara kauri. Ya komo cikin Mayu da igiyar awo, ya tarar yana nan yadda ya bar shi, ga kuɗi sun kwana wata 3 a banza.

To, asirin yana ga ganye. Ganye shi ne madafin itace: da hasken rana, da iskar da yake sha ta wasu ƙananan ƙofofi, da ruwan da saiwa ta jawo, yake haɗa abincin da ke zama kauri. Aikin ya fi tafiya a ɗumi na digiri 25 zuwa 30. In zafi ya doshi 40, kamar yadda muke gani a Afrilu, ƙasa kuma ta bushe, sai ganye ya rufe ƙofofin nan don kada ruwa ya tsere. Ƙofa a rufe, iska ba ta shiga, girki ya tsaya. Ga shi kuma itace yana cin abin da ya tara dare da rana, kuma cin ƙaruwa yake da zafi. Kamar rumbu ne ana ɗiba ba a zubawa.

Kada ku gwada shi da gero da dawa, waɗannan halittarsu dabam ce, zafi bai cika damunsu ba. Turare, ko da yake daga Ostareliya ya fito, ƙasa mai zafi, girkin ganyensa irin na alkama ne, wadda ba mu shuka ta sai da hunturu.

Amma ruwa na sauya lissafi. Wanda ke fadama, ko gefen dam irin na Guzuguzu, yana barin ƙofofinsa a buɗe, gumin ganye na sanyaya shi. Na kan tudu kuwa sai damina ta zauna.

Saboda haka in itacen tudu ne cikin bazara, ku yi ciniki a kan kaurin da igiya ta nuna ran nan, ku sare. Mai son ribar ƙari ya sayi nasa a Yuni, ya auna a Oktoba.